Alef a Ƙofar Alƙali

An ce wani sarki mai son abin baƙi ya zauna a fada, Waziri Barmo da Alƙali Zubairu suna ta cacar baki a gabansa.

"Kan bijimi ne!" in ji Waziri. "Ga ƙaho nan, ko makaho ya shafa ya gane."

"Subhanallahi, jahilci!" in ji Alƙali, yana taunar kowace kalma kamar goron biki. "Alama ce ta abin da ba shi da iyaka."

Abin da ya haɗa su harafi ne na Yahudawa, sunansa Alef, da wani fatake ya kawo wa sarki a sassaƙe jikin tagulla. Sarki ya so a kafa shi a ƙofar fada, ya kuma rantse duk wanda fassararsa ta faɗi, rawaninsa ya faɗi. Waziri dai da ka ya yi tasa fassarar, gumi har ya jiƙa masa wuyan riga.

Aka kira Yusha'u, wani tsohon Bayahude mai sayar da turare, wanda ya taɓa zama cikin Turawa.

Ya ce, "Ya sarki, kakanninmu daga kan bijimi suka zana shi. Su kuwa masana lissafin Turai suka are shi, suna rubuta shi in sun zo kan ƙidayar da ba ta ƙarewa."

Alƙali ya gyara zama, ya harari Waziri. Sarki ya ce, "Ta biyun nake so. A kafa, mulkina ke nan!"

Yusha'u ya ce, "Ya sarki, mulkin mahaifinka yana ina?"

Sarki ya yi tari. "To, dukiyata."

Ma'aji ya sunkuyar da kai yana duban farcensa.

"Ashe duk ƙasata babu abin da ba ya ƙarewa?" sarki ya daka tsawa.

Waziri ya ga ƙofa ta buɗe, ya faɗi ya yi gaisuwa. "Akwai, ranka ya daɗe. Shari'a a zauren Alƙali. Akwai matar da ta kawo ƙarar akuya tana goyo, yau abin goyon ne ke zuwa a madadinta, da furfura."

Yusha'u ya ce, "Nan ne gidan harafin."

Sarki ya tashi da kansa ya leƙa zauren. Ya tarar da mutane jingim, wasu sun kafa murhu, wani har ya shuka kuɓewa a bakin ƙofa. Kunya ta rufe shi. Ya sa aka kafa tagullar a nan, aka warware rawanin Alƙali, sarki ya zauna bisa buzu yana sauraron ƙara da kansa.

Ya ce, "Shari'ar da ba ta da ranar ƙarewa, zalunci ne ya yi alwala."

Zubairu ya dafe kansa da ke tsirara, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, to in aka gama musu duka, ina bayin Allah nan za su riƙa yini?"