Takardar da Ta Yi Wata Uku a Cikin Hula

Akwai wani manomin taba a gundumarmu ta kan tsauni, sunansa Lemuel Tarver. Lokacin ba a fi shekara talatin da rabuwa da mulkin Ingila ba, kowace jiha a Amurka tana ji da sabuwar majalisarta. Gonar Lemuel da ƙyar ta kai faɗin da doka ta yanka wa mai tsayawa zaɓe. Amma yana da baki, ya kuma iya karatu, sai masu gonaki suka tura shi ya wakilce su.

A garin akwai maƙeri guda ɗaya tak, Isham. Bawa ne tun haihuwa, sai a bazarar shekarar nan ubangidansa ya 'yanta shi. Dokar jiharmu kuwa ta ce duk bawan da aka 'yanta, wata goma sha biyu gare shi ya bar jihar, in ya wuce haka a kama shi a sayar. Mafita ɗaya ce: majalisa ta ambaci sunansa, ta ba shi izinin zama. Matarsa Dilsey da 'ya'yansu uku har yanzu bayi ne a wata gona, ba su da ikon binsa ko nan da can.

Tsoho Ozias Pruett ne ya rubuta takardar koke, ya bi gida-gida har mutum arba'in da ɗaya suka sa hannu. Isham bai iya rubutu ba, sai ya ja alamar giciye a ƙasa. Dilsey ta yagi bakin shuɗin ɗankwalinta, ta ɗaure takardar da shi.

Ranar tafiya, Isham ya buga wa dokin Lemuel sababbin takalman ƙarfe, ya ƙi karɓar komai.

"Yallaɓai, waɗannan za su kai ka su dawo da kai," in ji shi. "Nawa aikin ke nan. Sauran yana hannunka."

Lemuel ya tura takardar cikin doguwar hularsa, inda manya ke ajiye takardu. Ya ce, "Sa ranka a inuwa, Isham. Ranar farko zan karanta ta."

Majalisarmu sau ɗaya take zama a shekara, cikin hunturu. Koke kuwa makonni uku na farko kawai ake karɓa. Kowace safiya kakakin majalisa yana kiran gundumomi ɗaya bayan ɗaya, mai koke ya miƙe, ya cire hula, ya karanta da bakinsa a gaban kowa.

A ranar farko wani wakili ya riga Lemuel karanta irin wannan koke. Bai kai rabi ba aka fara tari da buga ƙafa. Kanar Marchbank, mai bayi ɗari biyu, ya ɗaga murya ya ce, "Ashe an yi mana sabon lauyan bayi." Sunan ya bi mutumin har masauki, aka bar shi yana cin abinci shi kaɗai. Lemuel ya taɓa hularsa, ya ce a ransa gobe ma rana ce.

To, kun san halin ɗan Adam in babba ya yi masa murmushi. Kanar ya jawo Lemuel teburinsa, ana ci da naman alade mai gishiri ana kora wa da barasa.

"Kai ɗan kan dutse, da kai da wannan riga taka ta saƙar gida, ashe akwai kai," in ji Kanar. "Zauna kusa da ni, zan sa ka cikin kwamitin hanyoyi."

Shi ke nan kan Lemuel ya kumbura. Ya ɗinka sabuwar riga, ya koyi dariya irin tasu. Kullum aka kira gundumarsa sai ya sunkuyar da kai, wai yana duba wata takarda. Takardar Isham kuwa tana bisa kansa, tana shan gumi.

Ranar ƙarshe ta karɓar koke ta zo. Gaskiya a faɗe ta, ya yi niyya. Da aka kira gundumarmu ya miƙe, ya kai hannu ga hula.

Kanar ya juyo ya ce, "Me kake lalube a hular, samari? Ko ƙwarƙwatar kan dutse ce ta biyo ka?"

Zauren ya kwashe da dariya. Kakaki ya buga tebur ya ce, "Wakili yana da koke?"

Lemuel ya sauke hannunsa. Ya ce, "Babu, ranka ya daɗe."

Akawu ya rubuta, aka wuce gunduma ta gaba.

Daga ranar abinci ya daina yi masa daɗi. Kunya ce take cinsa, irin wadda ba ka da wanda za ka gaya wa. Har aka rufe zama bai cire takardar ba, don ko ganinta ba ya iya yi.

A hanyar dawowa ya shirya ƙaryarsa tsaf: zai ce ya karanta, kwamiti ne ya ƙi. Da ya shigo gari, mutane suka taru a bakin maƙera, domin nan hanya ta bi. Isham ya fito da guduma a hannu. Matar Ozias ta gaishe da wakili, shi kuma garin nuna sabuwar tarbiyyar birni, ya zare hula ya rusuna mata.

Takardar ta faɗo cikin taɓo. Shuɗin ƙyallen yana nan, ƙullin Dilsey ko motsa shi ba a yi ba.

Isham bai iya karatu ba, amma ya san ɗankwalin matarsa. Ya sunkuya ya ɗauka, ya goge taɓon a jikin warkinsa, ya tura ta aljihu. Lemuel kuwa ji ya yi da ƙasa za ta tsage, da ya shige.

Isham ya ɗaga ƙafar dokin ya duba. Ya ce, "Sun kai ka, sun dawo da kai, yallaɓai. Ƙusa ɗaya ce ta yi kwance, bari in gyara."

Ya gyara kuwa. Lemuel yana tsaye yana kallo, da zaginsa aka yi da ya fi masa sauƙi.

Wata biyu bayan nan aka yi sabon zaɓe, don mu duk shekara muke yi. Zaɓenmu ba a ɓoye yake ba. 'Yan takara suna zaune a gaban kotu, mai zaɓe ya zo ya faɗi sunan wanda yake so da ƙarfi, ɗan takarar ya miƙe ya yi masa godiya. Lemuel ya wuni a kan benci bai miƙe ba sai sau huɗu. Mutum arba'in da ɗayan nan duk suka zo, kowa ya dube shi ido cikin ido, ya kira sunan abokin takararsa.

Ozias ne na ƙarshe. Ya ce, "Da na rubuta, a hula ta kwana. Yau da baki zan faɗa, in ga inda za ka ɓoye shi."

Faɗuwa zaɓe ba ta dawo wa Isham da kwana ko ɗaya ba. Wata goma sha biyu suka cika, ya ɗauki guduma da awartaki, ya haye babban kogin da ke iyakar jihar shi kaɗai.

Wata Lahadi Lemuel ya bi ta maƙera. Wuta ta mutu, kaji suna tono a toka. Dilsey tana zaune a bakin ƙofa da ƙaramar 'yarta a cinya. Da ta gan shi ta miƙe ta rusuna, don baiwa ba ta da ikon ƙin rusunawa, kuma wannan ne ya fi ƙona shi. Ta miƙo masa takardar, har yanzu a ɗaure.

"Mijina ya ce a ba ka, yallaɓai," in ji ta. "Ya ce inda za shi ba ta da amfani, kai kuwa ka iya ajiya."

Darasi: Duk wanda ya ɗora maka amanar kukansa, ba shi da wani bakin sai naka. Dariyar manya a zaure ba ta kai minti ɗaya ba, amma shirun Lemuel ya raba uba da 'ya'yansa uku. Idan akwai takardar wani a cikin hularka yau, ka cire ta kafin lokaci ya wuce. Ku tura wannan labari ga duk wanda aka ba kujera don ya yi magana a madadin jama'a.