Ruwan da Ya Cinye Mijin Tabawa

Ku gyara zama, ga wata nan sai kun yi gardama a kanta.

A garin Rafin Gawo an yi wata mata, Tabawa, mai yayye uku maza. Mijinta Ila masunci ne, gidansu yana can gangaren rafi, ita kuma tana da lambun albasa a bakin ruwa.

Babban wanta Jatau shi ya fara kafa majema a saman rafin. Shekara da shekaru yana tsiyaye ruwan jima a ciki, har laka ta yi baƙi. Da wannan sana'a ya rufe gidan iyayensu da kwano, ya aurar da Tabawa. Da ya tsufa sai ya rufe majemar, ya dasa mangwaro a wurin, ya koma yi wa mutane faɗa a kan tsafta.

Na biyu, Bawale, ya gina tasa majemar da injuna da magungunan kanti. Abin da yake zubarwa a damina ɗaya ya fi na Jatau a shekaru. Amma rabin garin a wurinsa suke ci, har da ɗan Tabawa na fari.

Na uku, Ɗanlami, bai taɓa ɗiga komai a rafi ba. Yana birni yana ɗinkin takalma, ƙofar gidansa tas. Sai dai duk fatar Bawale shi ke sayenta. Da Bawale ya so haƙa ramin tace ruwa, Ɗanlami ya ce in fata ta yi tsada, zai koma wajen wani.

Kifi ya fara tasowa ciki sama. Albasa ta ruɓe a ƙasa. Ila bai san wata sana'a ba, ya ci gaba da shiga ruwan har ƙafafunsa suka kumbura, cuta ta kama ƙodarsa, ya rasu.

Duk ukun sun zo zaman makoki, kuma kukansu na gaskiya ne. Tabawa ta dube su ta ce, "Yayyena, wa ya kashe mana rafi?"

Jatau ya ce, "Ni na daina tuntuni, kuma a zamanina ba mu san illarsa ba."

Bawale ya ce, "Yaya, a gurɓace na same shi. In na rufe, mutane su ci me?"

Ɗanlami ya sunkuyar da kai. "Ni ko warin ban sani ba."

Da ta gama takaba, dagaci ya kira ta ya ce zai ɗauki maganar zuwa sama, amma sai ta faɗi wanda take ƙara. Ta tashi ta koma gida ba ta ba shi sunan kowa ba. Daga baya ta ɗaure kayanta ta bar garin da aka haife ta.

To, da ku ne a gaban dagaci, sunan wa za ku faɗa: wanda ya fara, wanda ya fi zubarwa, ko wanda ake yi dominsa?