Nomau Mai Zayyana da Zauren Madugu

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na ambaci sunansa ba, tun zamanin da ake gini da tubali da azara. Sunansa Nomau. Sana'arsa zayyana. Idan magina sun gama gini, shi ake kira ya shafe bango da laka mai laushi, ya sa wuƙa da yatsa ya fitar da dagi da sauran ado, ya bi da farar ƙasa da jar ƙasa. Ba shi da gonar kirki. Da hannunsa yake ci da matarsa Tabawa da 'ya'yansu biyar.

Ku saurara, don sai kun san yadda ake cin abinci a wannan sana'a za ku gane tsoron da ya shiga. A garin nan mai zayyana ba ya neman aiki da kansa. Mai gida da Sarkin Magina yake magana, Sarkin Magina ne zai ce wane zai yi ado. Kuma ba a sallamar mai zayyana sai ranar da ya sauke tsani, mai gida ya shigo ya duba ya ce aiki ya yi. Kafin wannan rana, sai dai tuwon rana da ake aiko masa. To kun ji. Abincinsa yana bakin mutum ɗaya, ladansa yana ranar ƙarshe.

Ana nan sai wani attajiri, Madugu Arzika, mai fataucin goro, ya sa aka gina masa zaure irin wanda ba a taɓa gani ba a garin. Baka huɗu suka tashi daga kusurwoyi suka haɗu a tsakiya, su ke riƙe da rufin. Sarkin Magina Jatau ne ya yi ginin, shi ne kuma ya ba Nomau adon. Madugu ya sa rana, ya ce ranar Alhamis ta farkon damina zai tara malamai da fatake da dattawan gari a yi walimar buɗe zaure.

Kwana arba'in Nomau yana kan tsani. Bai taɓa aiki irin wannan ba. Mutane kan leƙo su riƙe baki. Shi kuwa a ransa yana cewa, daga wannan zaure sunana zai kai garuruwa.

Saura kwana uku walima, yana can sama inda bakan nan huɗu suka haɗu, yana gyara layin ƙarshe na babban dagi, sai wuƙarsa ta nutse. Ba nutsewar laka ba. Ta shige kamar an soka ta cikin tuwo. Ya zare ta, sai ga wani gari yana zubowa, gari mai laushi kamar na dawa, ga 'yan fararen ƙwari suna motsi a ciki.

Gara.

Jama'a, kowane magini ya san azarar giginya ta gaske, wadda ta ƙosa, gara ba ta cin ta. In ka ga gara a cikin baka, to ba azarar kirki aka sa ba. Ɗanyen itace aka cusa aka rufe da ƙasa.

Kun san abin da Nomau ya fara yi? Ba zan ɓoye muku ba, don shi ma mutum ne. Ya waiwaya ya ga ba kowa, ya ɗebo laka, ya sa babban yatsa ya toshe ramin, ya gyara layin ya koma sumul. Ya sauko ya nufi gida.

Da ya isa gida Tabawa ta ajiye masa fura. Ya zauna yana kallon ƙwaryar.

Ta ce, "Malam, furar ce ta yi maka laifi, ko ni? Ka tsare ta da ido kamar za ta gudu."

Ya faɗa mata duk abin da ya gani, har da toshewar da ya yi.

Can ta ce, "Yanzu in aka yi ruwa fa?"

Ya ce, "Rufin ƙasa ne. In ya sha ruwa nauyinsa ya ninka."

"Mutum nawa zauren ke ɗauka?"

"Ya fi ɗari."

Ta ce, "Innalillahi. Malam, hatsinmu ya kai gindin rumbu, ka sani na sani. In Jatau ya juya maka baya, wallahi ban san abin da zan zuba a tukunya ba. Amma kuma in ka kawo hatsin da aka saya da wannan shirun, ban san yadda zan tuƙa shi ba."

Da gari ya waye ya tafi wurin Sarkin Magina. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi magana a hankali don kada na kusa su ji.

Jatau ya yi dariya. Ya ce, "Nomau, yaushe ka zama magini? Kai da aikinka shafa da kwalliya, kamar mai yi wa amarya lalle?"

"Sarki, da idona na gani."

"Ka gani, ka toshe?"

"Na toshe."

"To ka gama aikinka. Ginin nan zai yi shekara goma."

"In bai yi ba fa, Sarki?"

Sai fuskar Jatau ta canza. Ya matso ya ce, "Saurara. Wuƙar wa ta shiga bakan nan? Tawa ko taka? In magana ta fita, cewa zan yi kai ka sassaƙe shi garin neman gwaninta. Ka san Madugu, ka san zuciyarsa. Sannan ko akurkin kaji ba za a ƙara ba ka ka shafe ba a garin nan. Tashi ka je ka sauke tsaninka ka karɓi ladanka."

Ku saurara, jama'a. Ga lada a gabansa, kwana ɗaya ya rage. Ga suna a gabansa. Ba wanda ya ce ya yi ƙarya. Shiru kawai aka ce ya yi. Kuma ba shi ya cusa ɗanyen itace ba.

Ya koma zauren ya tsaya a tsakiya shi kaɗai. An riga an fara shimfiɗa tabarmi. Ya ga inda aka ajiye buzun liman, daidai ƙarƙashin dagin nan nasa. Ya ɗaga kai ya dubi aikinsa. Wallahi ya yi kyau. Kyan nan ne ya fi ba shi tsoro, don ya san ba wanda zai dubi wannan ado ya yi zaton akwai mutuwa a bayansa. Ya fita ya dubi gabas, ya ga hadari ya fara haɗuwa.

Ranar Laraba da hantsi Madugu ya shigo duba aiki, shi da abokansa fatake, Jatau yana gefensa. Madugu ya zagaya yana gyaɗa kai. Ya ce, "Mai zayyana, ka yi aiki. Sauke tsaninka."

Nomau ya zube ƙasa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, kada a zauna a zauren nan."

"Me ka ce?"

"Gara ta cinye bakan. Na gani tun shekaranjiya na rufe. Na tuba ga Allah, na tuba gare ka."

Jatau ya ce, "Madugu, ƙari yake nema. Haka suke, in sun ga gidan arziki sai su ƙirƙiro aiki."

Fatake suka yi dariya. Madugu bai yi ba. Ya ce, "Kai, gobe ne walimata. Na aika garuruwa shida. Ka san abin da zan yi maka in ƙarya kake?"

"Na sani, ranka ya daɗe. A matsa waje kawai, in nuna."

Suka ja baya zuwa bakin ƙofa. Nomau ya ari gatari a wurin masu faskare, ya hau tsani. Gwiwoyinsa suna bugun matakala, kowa yana ji. Ya kai ga dagin da ya yi kwana tara yana fitarwa. Ya ce bisimillah, ya sara.

Sara ɗaya, ado ya ɓantalo. Sara na biyu, gatarin ya shige har ƙota. Gari ya zubo masa a ka, gara ta watsu a kan tabarmi, wani gutsuren ƙasa mai girman turmi ya faɗo a kan buzun liman. Rufin ya yi wata ƙara, fatake suka watse da gudu, wani ya bar takalminsa. Nomau ya sauko da ƙyar, fari fat da ƙura.

Da aka kwance rufin, baka uku cikin huɗu ruɓaɓɓu ne.

Yanzu kuna jira in ce Madugu ya ba shi riga da doki. Bai ba shi ba. Madugu ya ji kunyar baƙinsa, ya yi fushi da kowa. Jatau mai mutane ne, ya kai dattawa aka ba da haƙuri, ya sake ginin da azarar kirki, ya kira wani mai zayyana. Nomau kuwa aka ce aikinsa bai kammala ba, tunda shi ya fasa shi da hannunsa. Kwana arba'in suka tafi. Daga ranar ba a ƙara ba shi bango a garin ba. Ya koma yawon ƙauyuka yana yaɓe rumbuna, yana yi wa mata ado a bakin ɗaki, a ba shi dawa ko gero. Tabawa ta kama sayar da ƙosai. Sun sha wuya, amma ba wanda ya mutu da yunwa a gidan.

Ranar Alhamis ɗin nan kuwa, ranar da aka sa walima, ruwa ya sauko tun hantsi bai ɗauke ba sai la'asar. Liman ya yi sallarsa a masallaci. Fatake suka zauna a masauki suna tsakin an ɓata musu tafiya. Mutum ɗari da wani abu suka koma gidajensu, 'ya'yansu suka tare su a ƙofa, kuma yawancinsu har suka bar duniya ba su san sunan Nomau ba.

To jama'a, ga abin da nake so mu riƙe. Amana ba ta tsaya ga abin da ka yi da hannunka ba, ta haɗa da abin da ka gani ka rufe. Mai ƙawata abu yana da nasa alhakin, don saboda adonsa ne mutane ke sakin jiki.

A cikinmu nan akwai masu fenti, akwai masu filasta, akwai teloli, akwai masu rubuta allon shago, akwai masu yi wa kaya waƙar talla. Kowannenku yana da wanda ke ba shi aiki, kowannenku yana tsoron ranar da za a daina kiransa. Na san wannan tsoro, ni ma ina da bakunan da nake ciyarwa. Amma idan na ga yarana sun shiga aji, ko sun hau mota, sai gabana ya faɗi, in ce ko akwai wanda ya ga tsaga a wurin nan ya shafe ta da fenti?

Wata rana wuƙarka za ta nutse a inda bai kamata ba, kuma ba mai ganinka sai Allah. In ka riga ka toshe, koma ka buɗe. Ka ji tsoron Jatau, ba laifi, mutum ne kai. Amma ka fi jin tsoron ranar da za a tara maka waɗanda suka zauna ƙarƙashin aikinka, a ce ka dube su. Allah Ya ba mu abinci na halal, Ya ba mu ƙarfin hawa tsanin nan ko gwiwa tana rawa.