Ladanin Da Ba Ya Jiran Manoma

Akwai wani mutum a Balan, cikin ƙasar Gaya, ana ce masa Maiwada. Ya daɗe yana ɗinki a Kano, da idonsa ya fara rauni sai ya tattara ya dawo gida. Masallacin unguwarsu ƙarami ne, ginin ƙasa, kuma mahaifinsa ne ya ba da filin. Shi ya sa da ladanin ya rasu, aka miƙa wa Maiwada mabuɗi da kiran sallah babu gardama.

Lokacin da ya karɓa, masallacin cika yake yi har ƙofa. Kafin damina biyu su wuce, sai ya zama daga shi sai Liman Bunu, wanda tsufa ya cim masa, sai wani dattijo mai suna Ɗanladi da ya daina zuwa gona.

Wannan abu yana ƙona wa Maiwada rai. Kullum ya shiga gida faɗa yake yi.

"Mutanen banza! Gero ya fi musu sallah. Sun bar masallacin kakanninsu sun koma na bakin titi."

Abin da ba ya faɗa shi ne, tun da can al'adar unguwar ce da damina a ɗan jinkirta azahar har manoma su taso daga gona. Maiwada ya ce shi bai san wannan ba. A Kano rana na gocewa ake kira, a nan ma haka za a yi. Ya kira, ya tayar da iƙama, wanda ya samu ya samu.

Wata rana Kamilu, wani magidanci maƙwabcinsa, ya shigo da gudu, fartanya a kafaɗa, laka har gwiwa. Ya tarar ana sallamewa.

"Haba Baba Maiwada! Tun daga fadama nake sauri. Ko alwala ba za a bari mutum ya yi ba?"

"Ni na aike ka fadama? Sallah ce za ta jira ka, don kai ne wa? Kuma ka janye mini ƙafafun nan daga kan tabarma!"

Kamilu ya dube shi, ya dubi Liman, ya ɗauki fartanyarsa ya fita. Shi ne matashi na ƙarshe da yake zuwa, kuma daga ranar bai sake leƙowa ba.

Bayan la'asar Maiwada ya tsare Liman.

"Allah gafarta Malam, shirunka ya ishe ni. Ko dai ka bi su gida gida ka gaya musu wuta suke nema, ko ni ma in bar muku masallacin. Na gaji da yi wa bango kiran sallah."

Liman ya ce, "Maiwada, lokacin azahar yana da faɗi. Na sha gaya maka. Ka ƙara musu ɗan lokaci kawai."

"Wato ni ne mai laifi? Ni da nake shara, nake yaɓe, nake cika randa?"

Ya ciro mabuɗin ya dangwarar a gaban tsohon.

"Ga shi nan. In ga wanda zai buɗe muku ƙofa."

Ya koma gida ya shimfiɗa buzunsa a zaure. Na bakin titi ba zai je ba, domin duk waɗanda ya zaga suna can. A zuciyarsa ya gama lissafi: masallacin zai rufe, jemagu su shiga, a taru a zo ba shi haƙuri.

Mako ya wuce, babu wanda ya zo.

Ran nan da rana ya riga ya yi sallarsa shi kaɗai tun ɗazu, sai ya ji kiran azahar. Muryar Kamilu ce. Ya miƙe a fusace ya leƙa ta kan katanga. Takalma ne birjik a ƙofar masallaci, fartanyu da garemani a jingine jikin bango, sahu har waje.

Ya shigo tsakar gida. Matarsa Larai tana tankaɗe.

"Kin ga munafunci? Ashe jira suke in fita!"

Larai ba ta ɗago ba. "Baban Sadiya, in faɗa maka gaskiya ko in yi shiru?"

"Faɗi!"

"Ba masallacin suka gudu wa ba, kai suka gudu wa. Matansu a nan suke gaya mini. Mutum ya wuni a duƙe, ya rugo don ya samu jam'i, ka tare shi da zagi."

"Ke ma bakinku ɗaya ke nan!"

"To. Filin dai na mahaifinka ne. In ka ga ya dace ana sallah a ciki kai kana zaure, shi ke nan."

Ranar ko tuwo bai ci ba. Ya yi tunanin komawa Kano gaba ɗaya. Ya yi tunanin zuwa ya ƙwace mabuɗinsa. Duk wanda ya ɗauko sai ya ji maganar Larai ta faɗo masa a rai.

Washegari da aka kira azahar, ya daɗe a zaune. Sai da ya tabbatar an kusa tayarwa sannan ya fito, don ya shiga ta baya kada kowa ya gan shi. Yana cikin alwala a bakin randa, Kamilu ya miƙe zai yi iƙama.

Liman Bunu ya hango shi, ya ɗaga hannu.

"Dakata. Maiwada bai gama ba."

Mutanen da ya hana jam'i damina biyu suna zaune suna jiransa. Kamilu ya leƙo ta ƙofa ya ce, "Yi a hankali, Baba. Babu mai tayarwa sai ka shigo."

Maiwada ya kasa ɗaga kai. Ya wanke ƙafarsa, ya shiga sahun ƙarshe, ya haɗa kafaɗa da wani manomi da gumi bai gama bushe masa ba.

Darasi: Kafin ka yi fushi ka bar jama'a don sun ragu, ka fara tambayar kanka ko halinka ne ya rage su. Hidimar masallaci ba ta ba ka izinin wulaƙanta masu zuwa cikinsa. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, musamman waɗanda aka ba amanar jama'a.