Rogon Barau da Ganyen Agali

A zamanin da ayari ke bi ta Kwarin Gauta, wani mutumin garin mai suna Barau ya komo daga kudu da mata Banufiya da damin itacen rogo. Ya dasa a bayan ganuwa, ya yi kyau. Maƙwabcinsa ya roƙi saiwa biyu, ya dafa nan take kamar dankali, ya zuba wa awaki ɓawon. Awaki uku suka mutu, shi kuma ya kwana biyu yana amai.

Sarki Jatau ya yanke cewa a tumɓuke gonar, Barau ya bar gari kafin Juma'a, kada kuma a sake shuka abin da kakanni ba su ci ba.

Da hantsi Madugu Ɗanjuma, wanda tsufa ya raba da fatauci, ya dogara sandarsa zuwa zauren fada. Ya tarar Sarki na cin goro. Ya yi gaisuwa, ya nemi izinin ba da labari.

Sarki ya ce, "Baba Madugu, in roƙo ne ka makara. In labari ne, bismilla."

Madugu ya ce yana saurayi, a hanyar Agadas, ya taya wani Buzu mai suna Agali tsamo raƙuminsa daga laka. Agali ya ba shi ƙullin busasshen ganye. Ya kai wa innarsa tsaraba. Ita kuwa ganye a wurinta na miya ne, sai ta daka shi, ta kaɗa da daddawa kamar kuka. Mahaifinsa ya kai loma ɗaya, ya ture akushi, ya ce Buzu ya so kashe su.

Da shekara ta zagayo Madugu ya gamu da Agali a zango, ya kai kukansa. Agali ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Ya hura gawayi, ya dafa ganyen da sukari, ya tsiyaya masa sau uku a ɗan kofi, ya ce shayi ke nan, daga ƙasar Sin ya fito, ya bi hannun Larabawa. Sa'an nan ya ce masa, "Kada ka ji kunya, Bahaushe. Saurari abin da kakana ya yi."

Kakan Agali, in ji shi, fataken Hausa suka ba shi goro ashirin naɗe cikin ɗanyen ganye. Su mutanen hamada abin da suke so ya daɗe shanya shi suke yi, kamar dabino. Ya zubar da ganyen, ya baza goron a rana kwana bakwai. Ranar da baƙi suka zo masa ya fito da shi don alfahari, babban baƙon ya gatsa, haƙori ya tafi. Har kakan ya mutu yana cewa Hausawa duwatsu suke ci. Agali ya ƙare da cewa wanda ya bayar bai yi bayani ba, wanda ya karɓa bai tambaya ba, goro kuwa aka zaga.

Sa'an nan Madugu ya ce, "Allah ya ba ka nasara, goron da ke bakinka daga Gwanja jakunanmu suka ɗauko shi. Barkonon miyarka da masarar bayan gidanka, mutanen bakin teku sun ce mini a jirgin ruwa suka iso. In sai abin da kakanni suka ci, gobe a kwashe su duka tare da Barau."

Sarki ya daina tauna. Ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa tambayar matar Barau yadda ake sarrafa rogon nan. Fadawa suka dubi juna. Aka kira ta. Ta durƙusa ta ce wannan mai ɗaci ne, sai an fere shi, an jiƙa kwana uku, an zubar da ruwan, an shanya. A garinsu ko ƙaramar yarinya ta sani, shi ya sa ba ta zaci sai an faɗa ba.

Sarki ya ce Barau ya zauna, a bar gonar, matan gari su je ta koya musu. Ya juya ya ce, "Na ji, Baba Madugu. Ita Inna fa, ta sha shayin daga baya?"

Madugu ya girgiza kai. Ya ce ya komo da sabon ƙulli da sukari har da ɗan kofi, ya iske an binne ta da wata biyu.

Sarki ya sa aka kawo gawayi da ganyen shayi. Ya ce Madugu ya dafa da hannunsa, kofin farko kuma a miƙa wa matar Barau.