Kafaɗar da ta kai Nomau rafi

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da kokawa ke tara jama'a fiye da kasuwa. Sunansa Nomau. Shi ma ɗan kokawa ne a da, har ranar da gwiwarsa ta goce a fili. Mai ɗori ya gyara iya gyarawa, ya ce masa, "Za ka yi tafiya. Amma ranar da ka ɗora wa ƙafar nan kaya mai nauyi, ka yi sallama da ita." Ku riƙe maganar nan.

Sai Nomau ya koma horar da samari. Kullum da safe ya kai su busasshen rafin bayan gari, su yi gudu cikin yashi, su ɗaga turmi. Ba laya, ba guru, sai gumi. Ba ya tsayawa wajen gwanaye. Yana can baya tare da wanda ya fi kowa rauni, yana ɗingishi yana cewa, "Ƙara taki ɗaya." Kuma bai taɓa mayar da wanda ya zo neman horo ba.

Rannan aka sa gagarumar kokawa. Barmo, wanda Nomau ya rena tun bai iya ɗaga tulu ba, zai kara da zakaran ƙasar. Ranar da Nomau ya daɗe yana jira ke nan. Rana ta take, gari ya watse zuwa fili, shi kuma ya tsaya tattara turame a rafi.

Ku saurara. Yana ɗagowa sai ya ga tsoho zaune a kan yashi, a wurin da ba kowa ɗazu. Ramamme, ƙafafunsa kamar sillen kara. Tsuntsayen da ke kuka suka yi tsit.

"Kai ne mai koya wa mutane ƙarfi?"

"Allah ke ba da ƙarfi, Baba. Ni dai ina tayawa."

"To koya mini tafiya. Tsamiyar can nake so in kai da ƙafata."

Ga ganguna suna tashi daga fili. Nomau ya dubi gari, ya dubi tsoho, ya durƙusa ya ce, "Dafa kafaɗata."

Hannun da ya sauka a kafaɗarsa sanyi ƙalau, a tsakiyar wannan rana. Suka taka. Da farko tsohon ba nauyi. Kaɗan kaɗan ya yi nauyin turmi, ya wuce nauyin ƙato. Nomau ya sunkuyar da kai, sai ya ga inuwa ɗaya ce tak a kan yashi, tasa. Jama'a, da ni ne, wallahi da na bar takalmina a wurin.

Tsohon ya ce a kunnensa, "Ka ji kirarin yaronka? Sake ni ka tafi. Gwiwarka ma tana kuka."

Nomau ya yi bisimilla, ya ce, "Ƙara taki ɗaya, Baba."

Haka suka ja har gindin tsamiya. Nan gwiwar ta yi ƙas, ya zube. Da ya waiga, ba tsoho, ba alamarsa.

Barmo ya ka da zakara, Nomau bai gani ba. Da yamma aka ɗauko Nomau a kan ƙyaure. Mai ɗori ya taɓa ƙafar ya girgiza kai. Mutanen gari suka ce, "Ya ba da ƙafarsa ga wanda ko sunansa bai tambaya ba." Shi kuwa ba gorin ke cin sa ba. Abin da ke sa shi hawaye, wa zai tsaya a baya tare da raunana?

Wata safiya matarsa Tabawa tana shara, sai ta ga Nomau ya fito daga ɗaki a tsaye. Hannunsa na dama a ɗage, a lanƙwashe, kamar ya dafa kafaɗar wani, amma ba kowa a wurin. Tsintsiya ta faɗi daga hannunta. Da ya gifta ta, ta ji sanyi ya bi ta gefenta, ta kuma ji muryar da ba ta mijinta ba tana cewa a hankali, "Ƙara taki ɗaya."

Haka ya riƙa zuwa rafi kullum har ƙarshen ransa, mutane na matsawa su ba da hanyar mutum biyu. Ko aljani ne Musulmi, ko wani ne daga bayin Allah da ba mu sani ba, kada ku tambaye ni. Allah ne masani.

To, 'yan'uwa, ƙarfin da ka ara wa mai rauni bai ɓata ba, yana nan a ajiye wurin Allah har ranar da naka zai ƙare. Ku samari masu ɗaga ƙarfe a bakin layi, na gan ku, ƙirji kamar ƙofar gari. Madalla. Amma a gidanku akwai tsohon da ya daina zuwa masallaci saboda ƙafa, a cikinku akwai wanda kuke dariya don ya kasa gudu. Koma baya ka ba shi kafaɗa. Wata rana kai ma za ka miƙa hannu, kana neman inda za ka dafa.