Naman Layyar Zinatu a Plumstead

Zinatu mace ce mai tsafta da iya girki, amma ba ta yarda wani ya gyara mata komai a kan abinci. Ta taso a babban gida a Kano inda ake ɗora tukunyar mutum talatin a tsakar gida, hayaƙi ya tashi sama ya tafi abinsa. Saboda haka ta ɗauka babu abin da ya rage mata ta koya.

A shekarun da kuɗin man fetur ya sa gwamnati ke tura mutane karatu waje, mijinta Malam Maharazu ya samu gurbin digiri na uku a Landan. Suka kama hayar ɗan ƙaramin gida a unguwar Plumstead. Shekara uku yana rubuta kundin bincikensa a kan noman gyaɗa, wani da hannu, wani da tafireta. Kwafi ɗaya tak gare shi. Da yake kicin ya fi ko'ina ɗumi, a nan yake aiki, in ya gama ya zuba takardun a kwali ya ɗora kan kabad ɗin da ke gefen murhun gas. Wata ɗaya ya rage ya miƙa kundin su koma gida.

A saman murhun akwai injin zuƙe hayaƙi. Yana da ragar ƙarfe da ke tare maiƙo, da bututu da ke fitar da hayaƙi waje. Zinatu ta tsani ƙararsa, ta kuma lura iskar sanyi na shigowa ta bututun. Sai ta yage tsohon zaninta ta cusa a ciki. Ragar kuwa ba ta taɓa cire ta ba.

Maƙwabciyarsu Eunice, ma'aikaciyar jinya ce 'yar Jos wadda ta girme ta, ta shigo wata rana aron barkono. Ta shafa ragar da yatsa, ta ga ya fito baƙi ƙirin yana danƙo.

"Kai, ƙanwata, wannan ai mai ne zalla. Ki riƙa cire ta duk wata ki wanke da ruwan zafi da sabulu. Me ya toshe bututun kuma?"

"Ni na toshe shi. Sanyin garin nan zai kashe ni."

"Ki cire abin da kika cusa yau ɗin nan. Ki kunna injin kafin ki ɗora tukunya, ki bar shi ɗan lokaci bayan kin sauke. In kuma mai ya kama wuta, ki kashe gas ki rufe da murfi. Kada ki kuskura ki zuba ruwa."

Zinatu ta yi dariya. "Sista, ke allura kika iya. Ɗakin girkin kakata ya fi wannan baƙi sau goma, bai taɓa ƙonewa ba."

"Ɗakin kakarki na ƙasa ne. Wannan katako ne da fenti."

"To, na ji," in ji Zinatu, ta miƙa mata barkonon. Ba ta cire komai ba.

Babbar Sallah ta faɗo cikin tsananin sanyi a ƙarshen 1975. Malam Maharazu ya sa wani mahauci ɗan Pakistan ya yanka musu rago. A gida, naman layya ana shanya shi a igiya ya sha iska ya tsane kafin a soya. A nan babu tsakar gida, babu rana. Sai Zinatu ta ɗaura zare a bakin injin, ta rataye yankan naman a saman murhu don ɗumi ya busar da shi. Kwana biyu kitse na ɗiga.

Ranar suya da hantsi, Malam ya shirya zai je ganin malamin da ke duba aikinsa. Ya dubi naman da ke reto, ya dubi kwalinsa.

"Zinatu, ko in mayar da takardun nan ɗaka?"

"Haba Malam, yau na fara suya? Bar su, kada ka makara."

Ya bar su ya fita.

Ta cika kasko da man gyaɗa, ta buɗe wuta sosai don ta gama da wuri. Ba ta kunna injin ba sai da hayaƙi ya fara sa ta tari. Ta kunna, ta shiga ɗaka ɗauko roba. Kafin ta dawo man ya kama wuta. Injin ya ja harshen wutar sama, maiƙon shekara uku da ke jikin ragar ya kama, zanin da ke cikin bututu ya kama. Cikin ruɗewa ta manta duk abin da Eunice ta faɗa, ta ɗebi ruwa a kwano ta watsa. Wutar ta yi tsalle har rufi, ta lashe kabad ɗin.

Ta miƙa hannu biyu cikin wutar tana neman kwalin. Eunice da ta ji ihu ce ta fizgo ta waje da ƙarfi, tana cewa, "Bar shi! Bar shi, za ki mutu!"

'Yan kwana-kwana sun kashe wutar kafin ta ci sauran gidan. Ba a rasa rai ba. Amma kwalin ya zama toka da ruwa.

Malam Maharazu ya same ta a asibiti, hannayenta naɗe da bandeji. Ta kasa ɗaga kai.

"Malam, takardunka..."

"Na gani," in ji shi. "Ya hannun? Sun ce zai warke?"

Da ya yi mata faɗa, da ta fi samun sauƙi. Bai yi ba, ran nan ko bayanta. Ya nemi a ƙara masa wa'adi, aka ba shi wata uku, amma aikin shekara uku bai dawo cikin wata uku ba. Lokacin da gwamnati ta ba shi ya ƙare, suka koma Kano babu digirin.

Hannun Zinatu ya warke da tabo. Malam ya koma tsohon aikinsa, bai sake maganar kundin ba. Sai dai duk Sallar layya, in aka ɗora kasko a tsakar gida, yakan tashi a hankali ya kwashe duk wata takarda da ke kusa ya kai ɗaka. Ita kuma takan juya baya don kada ya ga hawayenta.

Darasi: Iya girki a wuri ɗaya ba ya nufin an san kayan aikin kowane wuri. Injin zuƙe hayaƙi yana bukatar a wanke ragarsa a kai a kai, a bar bututunsa a buɗe, kada a rataya masa komai, kuma kada a bar mai a kan wuta a tafi. Wanda ya raina shawarar wanda ya fi shi sanin wuri, ba shi kaɗai yake ɗaukar asarar ba, har da mutanen da suka amince da shi.